Sunana Yana Jiki?

Auta ta ga fuskar Injiniya tun kafin ta kai ƙofar sashensu. An liƙa ta a bango, ƙatuwa, yana sanye da kwat ɗin aro, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana wannan murmushin nasa na wanda kunya ba ta taɓa kwana a gidansu ba. A ƙasan hoton an rubuta cewa shi ne ɗalibin da ya ƙirƙiro Rumfa, manhajar saye da sayarwa ta 'yan jami'a, kuma shi zai tsaya wa sashen kwamfuta a gasar ƙarshen shekara. Wanda ya ci gasar, kamfani zai ɗauke shi horo. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake karantawa. Har sunan shagon da ya buga takardar an sa a gefe da ƙananan haruffa. Nata ne kawai babu.

Rumfa kuwa a ɗakinsu aka haife ta, a kan gadon ƙasa. Abokiyar zamanta, wadda kowa ke kira Mai Turare, takan ɗauki kwandonta bayan lacca ta bi ɗakunan kwana ƙofa-ƙofa, ta dawo da kumburarrun ƙafafu da rabin kayan. A daidai wannan lokacin masu kammala karatu na jibge bokitai da katifu da butocin lantarki a bayan gini, sababbin shiga kuma na can cikin gari ana yanka musu tsada a kan irin kayan nan. Abin ya tsaya wa Auta a rai. Ta shiga bin ɗakuna da kanta tana tambayar mutane me suke son sayarwa, me kuma suke tsoro. A nan ta gane 'yan mata ba za su taɓa sa lambar wayarsu a bainar jama'a ba, sai ta sa hira ta tsaya cikin manhajar. Ta gane ba wanda ke son baƙo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, sai ta sa wuraren haɗuwa: gaban laburare, bakin masallaci, ƙofar ɗakin cin abinci. Ta kuma sa wani maɓalli a sama, "Mai arha farko". Wannan don kanta ta yi shi, domin ta san yadda murya ke ƙanƙancewa idan mutum zai tambayi mai shago ko akwai wanda bai kai wannan kuɗi ba.

Injiniya haɗa su aka yi a aikin sashe, ba ita ta zaɓe shi ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan tun suna aji ɗaya, ranar da ya gyara wata fanka ta yi kwana biyu ta sake mutuwa. Ba za a ce bai iya komai ba, yana taɓa rubutun manhaja daidai gwargwado, amma baiwarsa a baki take. Idan Auta ta nuna masa aikin da ta yi mako tana fama da shi, sai ya kalli abin da ya fara bayyana a fuskar wayar, ya ce, "Ya yi, ya yi," ya miƙo mata. Bai taɓa sa yatsa ya gangara ƙasa ba. Shi ya karɓi zuwa ofisoshi, shi ya yi wa manhajar rajista, kuma kalmar sirrin shiga ciki a hannunsa take. Auta ta ji daɗin hakan a lokacin, don ita ko gaisuwa a ofis sai ta shirya.

Ta same shi a ɗakin kwamfuta ya ɗora ƙafa a kan kujerar da take zama, yara 'yan aji biyu sun kewaye shi.

"Injiniya, na ga takarda a bango."

"Kin gani ko? Hoton ya fito kuwa?"

"Ina sunana?"

Ya sauke ƙafar a hankali, ya kalli yaran, ya yi 'yar dariya. "Haba Auta. Mutum ɗaya suke so. Kuma tsakani da Allah, wa zai tsaya gaban mutane ya yi bayani? Ke da muryarki ba ta wuce haɓarki?"

"Ni na zana ta. Ni na bi ɗakuna. Rabin rubutun ma ni na yi, fiye da rabi."

"Kin taimaka, ban musa ba. Launukan nan kin zaɓa da kyau." Ya ɗauko wayarsa, ya buɗe shafin da ke nuna masu manhajar, ya juyo mata da shi. Da sunaye biyu ne a wurin. Yanzu nasa ne kaɗai, an ƙara masa girma ya cike gurbin. "Duba da kyau. Sunanki yana jiki?"

Ɗaya daga cikin yaran ya ƙunshe dariya. Auta ta juya ta fita. A kan matattakala ta gwada shiga manhajar ta ƙofar masu gini, aka ce kalmar sirrin ba daidai ba ce. Ya riga ya canza.

Mai Turare ta ji labari ta zabura tana neman takalminta. "Tashi mu je! Wallahi sai na fasa masa kwalba a ka, kuma mai wari zan zaɓa."

"Zauna."

"To mu je gun Farfesa."

"Farfesan da Injiniya ke ɗaukar wa jaka har mota? Me zan nuna masa? Komai da sunansa aka yi."

Tana faɗin Farfesa sai wani abu ya faɗo mata. Can baya, farkon aikin, Farfesan, shugaban sashen nasu, ya taɓa watso musu takardunsu ta kan tebur, ya ce jami'a ba tasha ba ce da za a kafa mata kasuwa. Da yammar ranar Auta na buƙatar kayan gwaji, wato hajar ƙarya da mai gini ke zubawa a manhaja don ya ga yadda za ta fito kafin mutanen gaske su shigo. Ta ce wa Injiniya ya cika mata kaɗan. Shi kuwa yana tafasa, sai ya kwaso hotunan malamai daga shafin sashe ya shiga sa su a kasuwa, da asusunsa, da hotonsa a matsayin mai sayarwa. Ta yi dariya ranar har da riƙe ciki, ba za ta ce ba ta yi ba. Da ya huce ya ce ta share, ta ce to. Amma mai gini bai cika share abu ba, ya fi son ya tura shi gefe. Ta zuba wasu kayan gwajin masu mutunci a kai, bokiti da littafi da takalmi, sababbi suka danne tsofaffi zuwa can ƙasa, ta manta.

Ta ɗauko wayarta ta buɗe Rumfa kamar kowane ɗalibi. Ta danne tambarin rumfar da ke sama ta riƙe, har ya girgiza. Wannan ƙofa ce da ta yi wa kanta, ba ta taɓa gaya masa ba don bai taɓa tambaya ba. Kayan gwaji suka zubo. Ta yi ta gangarawa, ta wuce bokitai, ta wuce littattafai. Suna nan kwance a ƙasa, ko ɗaya bai ɓata ba. A gurbin farashi kuwa, da hannunsa ya rubuta wa kowanne "kyauta".

Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta taɓa sanin tana da irin wannan zuciyar ba, mai sanyi, mai haƙuri, mai jin daɗin abin da bai riga ya faru ba. Ta kashe wayar ta ce wa Mai Turare, "Gobe zan raka ki yawo."

Makon nan Auta ta sake bin ɗakunan da ta bi a farko. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Takan zauna a bakin gado ta ce, "Kun ga takardar bango?" Sun gani. Waɗannan mutane fuskarta suka sani, ita ce ta zauna ta koya musu yadda ake ɗaukar hoton takalmi kusa da taga don haske. Mai kitso ta sauke tallarta nan take. Mai sayar da cajar waya ya ce ai shi bai san wani Injiniya ba, ya sauke. Mai Turare ta bi sauran da baki, ita da ba ta gajiya da magana. Kafin ranar gasa Rumfa ta koma kamar kasuwar da ruwa ya tasa, sai katifa ɗaya da wani ya manta da ita a ciki.

Da safen ranar ya tare ta a gaban laburare. Kwat ɗin na jikinsa, gumi ya jiƙa wuyan rigar tun rana ba ta yi ba.

"Auta, 'yar'uwata. Kwana biyu."

"Lafiya lau."

"Kasuwar nan ta bushe. Ban san me ya shiga kan mutane ba. Ba zan nuna wa baƙi fili ba komai." Ya rage murya. "Waɗannan kayan gwajin naki, masu kyau ɗin nan, akwai yadda za a yi su dawo?"

Ta yi kamar tana tunani. Ta bar shi ya ɗan tsaya yana jira.

"Idan na ci, wallahi zan ambace ki," ya ce. "Zan ce kin taimaka sosai."

"Kawo wayar."

Ta danne tambarin ta riƙe. Fuskar wayar ta cika da bokitai da littattafai da takalma, kowanne da hotonsa tsaf. Ta miƙa masa, ta sa ido a kan babban yatsansa. A nan ne kaɗai gabanta ya faɗi. Da zai shafa wayar sama sau biyu ko uku, da shi ke nan. Ya kalli abin da ke gabansa, fuskarsa ta washe.

"Ya yi, ya yi!" ya ce, ya jefa ta aljihu. "Allah ya yi miki albarka."

"Amin," in ji Auta.

Babban zauren ya cika bayan azahar. Farfesa na zaune a layin gaba, gemunsa baƙi wuluk kamar na saurayi, ga shugabar ofishin jarrabawa a damansa, ga baƙi biyu daga kamfani a hagunsa. An haɗa wayar Injiniya da majigi, duk abin da ya taɓa sai ya fito a farin bango, girman ƙofa. Auta da Mai Turare suka zauna a tsakiya.

A ba shi haƙƙinsa, ya iya magana. Ya ba da labarin yadda tausayin wata mai talla da kumburarrun ƙafafu ya hana shi sukuni. Mai Turare ta ce, "La'ilaha," ta yunƙura, Auta ta danne mata cinya. Ya bayyana dalilin ɓoye lambar waya da kalmomin Auta, har da inda take jan numfashi. Ya nuna wuraren haɗuwa. Baƙin suna gyaɗa kai, Farfesa na shafa gemu yana waiwayen mutane kamar shi ya haife shi. Kowane tafi da aka yi, Auta ta ji shi a haƙarƙarinta, ta kuma adana shi.

Aka ce masu tambaya. Ta ɗaga hannu. Injiniya ya gan ta, ya yi murmushi, ya nuna ta da kansa, don a ganinsa sun shirya.

Ta miƙe. Muryar da ba ta wuce haɓa ta fito, siririya, amma zauren ya yi tsit ya ji ta. "Ni ɗaliba ce marar ƙarfi. Idan na shiga, ta yaya zan ga abin da ya fi arha ba tare da na sha wahalar nema ba?"

"Tambaya mai kyau!" ya ce. "Na yi tunanin irinku." Ya ɗaga wayar sama don kowa ya gani, ya danna "Mai arha farko", ya juyo yana fuskantar jama'a, bangon na bayansa.

Bokitan suka gangara. Fuskar Farfesa ta hau sama, ta cika rabin bango. A ƙasanta an rubuta: "Ƙwaƙwalwa, sabuwa dal, mai ita bai taɓa amfani da ita ba. Kyauta." Kusa da ita Farfesan ne dai: "Ragowar rinin gemu. Yana ɓoye furfura, ba ya ɓoye tsufa. Kyauta." Sai shugabar jarrabawa: "Zuciya, ta dutse, tana da kyau wajen daka. Kyauta." A kusurwar kowanne ga ɗan hoton mai sayarwa yana murmushi, ga sunansa.

Wani a baya ya fashe da dariya, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu buga tebur. Ɗaya daga cikin baƙin ya rufe baki da takarda, kafaɗunsa na rawa. Injiniya ya ɗauka yaba masa ake yi, ya ɗan rusuna yana godiya, kuma wannan rusunawar Auta za ta riƙa tunawa da ita duk ranar da take neman abin da zai faranta mata. Sai ya ga hannun Farfesa ya sauka daga gemu. Ya waiwaya.

Ya shiga danne-danne. Garin gaggawa ya buɗe hoton ƙwaƙwalwar ya cika bangon duka. Daga ƙarshe ya fizge wayar daga igiyar majigi.

Farfesa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, abin da ya sa dariyar ta mutu da sauri ke nan. Ya ce daga yau an haramta wannan manhaja a jami'a, za a rufe ta kafin magariba. Ya ce duk mai hannu a gina ta, ko mutum nawa ne, zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma kada ya sa ran takardar kammalawa bana.

"Yallaɓai, ba ni ba ne!" Injiniya ya sauko daga dandamali, kwat ɗin ya zame daga kafaɗa ɗaya. "Ba ni na gina ta ba! Wallahi ga mai ita can!" Ya nuna Auta da hannu biyu. "Ita ta kawo tunanin, ita ta zana komai, ita ta bi ɗakuna, ita ta rubuta! Maɓallin nan ma nata ne! Ni ko yadda ake buɗe kayan gwajin ban sani ba, ku tambaye ta! Rumfa tata ce tun daga tushe!"

Kawuna suka juyo. Ga shi nan, abin da ta kwana tana so ta tashi tana so, ya faɗe shi da bakinsa, gaban Farfesa, gaban baƙi, gaban duk sashen. Bai rage ko ɗaya ba. Ta ji tana son ta ce e, tawa ce, ku dube ta da kyau, ni na yi ta. Bakinta har ya buɗe.

"Ke," in ji Farfesa. "Kina da hannu a wannan abin?"

Ta tuna babarta da ke ƙirga watannin da suka rage mata ta kammala karatu. Ta kalli Injiniya, ta ga idanunsa sun yi ja yana roƙonta da su, irin roƙon wanda yake so a raba masa nauyi. Idan ta karɓi Rumfa, ta karɓi rabin hukuncinsa, ta kuma ba shi abokin zama a gaban kwamiti. Ko wannan ba za ta ba shi ba.

"Yallaɓai," ta ce, "akwai shafin da ke nuna masu manhajar. A buɗe a gani."

Farfesa ya miƙa hannu, Injiniya ya ba shi wayar kamar mai miƙa wuyansa. Aka mayar da igiyar. Shafin ya fito a bango: suna ɗaya, da manyan haruffa, ya cike gurbin mutum biyu.

Auta ta juyo ta dubi Injiniya, ta tambaye shi a hankali, yadda na kusa kawai za su ji, "Sunana yana jiki?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, ba wanda ya tsayar da ita.

Mai Turare ta cim mata a bakin matattakala tana haki, dariya ta hana ta magana. Ta rungume ta, ta sake ta, ta sake rungume ta. "Kin ga rusunawar? Wayyo cikina! Auta, ashe haka kike? Na tuba, daga yau ba zan ƙara taɓa miki sabulu ba." Ta share hawaye da gefen mayafi. "To yanzu yaushe za mu mayar da kayanmu? Mai kitso tun jiya take tambayata."

"Ba inda za ku mayar."

"Kamar yaya? Ai ya faɗa da bakinsa taki ce."

"Ni kuma na ce ba tawa ba ce. Kin ji Farfesa. Kafin magariba."

Dariyar ta sauka daga fuskar Mai Turare a hankali. Suka tsaya gaban takardar bango, wani har ya riga ya zana wa hoton gemu da biro. Auta ta nemi nadama a ranta, tsakani da Allah ta nema, ba ta samu ba. Da za a mayar da ita safiyar nan gaban laburare, da ta sake karɓar wayar. Abin da ta samu wani ciwo ne daban, a can ƙasan daɗin, kuma ta san ba yau zai tafi ba.

A ɗaki ta zauna a gadon ƙasa ta buɗe Rumfa. Tana aiki tukuna. Ta shiga shafin wuraren haɗuwa, ta fito, ta shiga na hira, ta ga wani harafi da ya ɗan karkace wanda ta daɗe tana cewa za ta gyara. Tana cikin kallonsa fuskar wayar ta yi fari, aka rubuta cewa ba a samu hanyar shiga ba. Ta sake gwadawa, haka dai.

Mai Turare ta jawo kwandonta daga ƙarƙashin gado, ta busa ƙurar da ke kai, ta fara jera kwalabe. Auta ta ajiye wayar a kan filo, ta sa takalmi, ta kama hannun kwandon ɗaya.

"Daga wane bene za mu fara?" ta ce.